Yadda Ake Auna Matsin da Ƙwayar Sankara Ke Ciki a Ɗakin Gwaji

Ƙwayar sankara ba cikin jin daɗi take rayuwa ba. Ƙari yana girma da saurin da jijiyoyin jini ba sa iya bin sa, iskar oksijin kuwa ba ta iya ratsa nama fiye da kimanin maikuromita 100 zuwa 200 daga jijiya. Tun a 1955 Thomlinson da Gray suka nuna wannan a yankan sankarar huhu: ƙwayoyin da ke kusa da jini suna raye, na can ciki sun mutu, a tsakani kuma akwai waɗanda ke fama da ƙarancin iska amma ba su mutu ba. Ga ƙarancin sukari, ga tsamin da ke taruwa a kewaye, ga furotin da ake ƙerawa cikin gaggawa har wasu su fito a karkace. A kan duk wannan ne likita zai ƙara magani ko gashin ƙari da haske mai ƙarfi (radiotherapy).

Ƙwaya tana da hanyoyin da take bi ta tsira daga irin wannan matsi, kuma sankara ta ƙware wajen amfani da su. Abin da ke rikita ɗalibai shi ne, hanyar da ke ceton ƙwaya a awannin farko ita ce kuma ke tura ta ga mutuwa idan matsin ya daɗe. Don haka ganin wata alama ta tashi a sakamakon gwaji bai gaya maka komai ba tukuna. Wannan jagorar ta ɗalibin digiri na biyu ko na uku ce, da ma'aikacin ɗakin gwaji da ke da wani sinadari ko ruwan tsiro a hannu, yana son sanin irin matsin da yake jawo wa ƙwayar sankara, da kuma ko matsin ne ke kashe ta.

Mataki na farko: tantance matsin da kake nema

Kada ka sayi antibodi ko ɗaya, wato sinadarin da ake gano wani furotin da shi a samfur, kafin ka rubuta tambayarka a jimla guda. Hanyoyin suna da yawa, kuɗin bincike kuma bai kai ka bi su duka ba.

Idan zarginka na kan furotin da ba su naɗu daidai ba, to sashen ER (endoplasmic reticulum) na ƙwaya za ka duba, inda ake naɗe furotin kafin a fitar da su. A jikin bangonsa akwai masu gadi uku: PERK, IRE1 da ATF6. Ayyukan Kazutoshi Mori da Peter Walter ne suka buɗe wannan fagen, aka ba su lambar Lasker a 2014. Idan ƙarancin oksijin ne, furotin HIF-1α ne abin nema, wanda bayanin yadda ake sarrafa shi ya kawo wa Kaelin da Ratcliffe da Semenza lambar Nobel a 2019. Idan yunwa ce, sai ka duba yadda ƙwaya ke cinye wasu sassan jikinta ta sake amfani da su, wanda ake kira cin kai (autophagy), aikin da Yoshinori Ohsumi ya samu Nobel a kansa a 2016. Lalacewar DNA tana tayar da furotin p53. Gurɓatattun sinadaran oksijin suna tayar da NRF2. Zafi da wasu ƙarafa masu guba suna tayar da HSF1, shi kuma ya sa a ƙera HSP70.

A shawarata, mai farawa ya ɗauki matsin ER. Alamominsa suna bin juna a jere cikin sa'o'i, kuma akwai ɗaya daga ciki da PCR na yau da kullum, wato gwajin ninka DNA, ya isa ya nuna ta, ba sai an kashe kuɗi a antibodi ba. Mafi yawan abin da zai biyo baya a kansa yake, sai gargaɗi kan sauran inda ya kama.

Mataki na biyu: san halin ƙwayoyin da ke cikin firijinka

Yawancin ɗalibai ba su suke zaɓar nau'in ƙwaya ba, abin da ke akwai shi suke ɗauka. Ba laifi, amma kowane nau'i da nakasarsa, kuma nakasar na iya cin gwajinka ba ka sani ba.

HeLa, wadda aka samo daga sankarar bakin mahaifar Henrietta Lacks a asibitin Johns Hopkins a 1951, tana ɗauke da ƙwayar cutar HPV18. Furotin E6 na wannan cuta yana sa a rusa p53, don haka wanda ke nazarin p53 a HeLa ya ɗauki hanyar da ba ta ɓullewa. MCF-7 ta sankarar mama tana da p53 lafiyayye, amma ba ta ƙera kasfes-3 sam, furotin da ke aiwatar da mutuwar ƙwaya idan an yanka shi. Ɗalibi zai yi ta neman yankakken kasfes-3 a cikinta, ya ɗora laifin a kan antibodi, alhali furotin ɗin ne babu. A549 ta huhu tana da lalataccen KEAP1, wanda shi ne ke danne NRF2, saboda haka NRF2 ɗinta a sama yake kullum ko ba ka sa mata komai ba. MDA-MB-231 kuwa p53 ɗinta gurɓatacce ne kuma yana taruwa da yawa, sai ka ga layi mai kauri a bulot, wato gwajin da ke nuna furotin a matsayin layi, ka zaci martani ne. HepG2 ta hanta tana fitar da furotin da yawa, ER ɗinta a shirye yake, shi ya sa take da daɗin aiki a gwajin matsin ER.

Ka gwada maikofilasma, ƙaramar bakteriya da ke gurɓata ƙwayoyin da ake reno, kafin ka fara. Ba ta sa ruwan kiwo, wato ruwan da ake renon ƙwayoyi a ciki, ya yi duhu, ba a ganinta a madubin hange na yau da kullum, amma tana cinye amino asid irin su arjinin, ta bar ƙwayoyinka cikin yunwar da ba kai ka tsara ba.

Mataki na uku: kawar da matsin da kai kake jawowa

A nan gizo yake saƙar. Ƙwayar da ke cikin faranti tana amsa duk abin da ka yi mata, ba ta bambance wanda ka yi da gangan da wanda ya zo bisa sakaci.

Cunkoso shi ne na farko. Idan ƙwayoyi suka cika faranti, sukari da gulutamin suna ƙarewa, oksijin da ke ƙasan ruwa yana raguwa, har HIF-1α ya tashi a inkubeta ta yau da kullum. Ka shuka su yadda ranar gwaji za su rufe kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na faranti, kuma kowane rami ya samu adadi ɗaya da ruwa daidai gwargwado. Zurfin ruwan ma yana tasiri, domin oksijin daga sama yake gangarowa.

Na biyu tsohon ruwan kiwo. Gulutamin yana lalacewa a hankali a cikin kwalba. Ƙarancin amino asid yana tayar da GCN2, shi kuma yana sa wa eIF2α, furotin da ke fara aikin ƙera furotin, alamar fosfet a daidai wurin da PERK ke sa masa, wato amino asid sirin na 51. Sinadaran da ke yin wannan aikin huɗu ne: PERK, GCN2, PKR da HRI. Ke nan tashin wannan alama shi kaɗai ba hujjar matsin ER ba ne. Ka sauya wa dukkan ramuka ruwa sabo mai ɗumi a lokaci guda, ka bar su su huta awa ɗaya ko biyu, sannan ka sa magani. Ka kuma lura da yawan sukarin ruwan. DMEM mai yawan gulukos yana da giram 4.5 a lita, kusan milimola 25, alhali jinin mutum yana wajen milimola 5. Wanda ke gwajin yunwar sukari da wannan ruwan bai ma fara ba.

Na uku, wanda duk mai aiki a jami'o'inmu ya sani, ɗauke wuta. Inkubeta na riƙe digiri 37 da iskar kabon kashi 5 cikin ɗari. Idan ta mutu da dare, zafi ya sauka. Idan iskar kabon ta zurare, ruwan ya koma shuɗi-shuɗi ja saboda tsaminsa ya ragu. Wuta ta dawo da asuba, da safe ka ga ƙwayoyi lafiya a ido, amma sun riga sun kunna hanyoyin kariya. Ka ajiye ma'aunin zafi mai riƙe mafi ƙanƙanta da mafi girman abin da ya gani a cikin inkubeta, ka duba shi kowace safiya. Daren da aka samu matsala, a zubar da gwajin. Asarar kwana uku ta fi sauƙi a kan sakamakon da ba za ka iya kare shi gaban masu jarrabawa ba.

Mataki na huɗu: tsara faranti

Kowane gwaji na buƙatar rukuni uku aƙalla ban da sinadarinka. Akwai wanda ba a taɓa ba. Akwai wanda aka sa wa ruwan narkarwa kaɗai, yawanci DMSO, wanda bai kamata ya wuce kashi 0.1 cikin ɗari ba, kuma adadinsa ya zama ɗaya a duk ramuka. Sai wanda aka sa wa sinadarin da kowa ya san yana jawo matsin. Wannan na ukun shi ne zai gaya maka ko antibodinka na aiki.

Don matsin ER, sinadarai biyu aka fi amfani da su. Tafsigagin yana toshe famfon SERCA da ke cika ER da kalsiyam, yana aiki da sauri, ana sa nanomola 100 zuwa maikuromola 1. Tunikamaisin yana hana manna wa sababbin furotin sarƙar sukari, ya fi jinkiri, ana sa maikurogiram 1 zuwa 5 a mililita. Don ƙarancin oksijin, abin da ya fi shi ne akwatin da ake rage iskarsa zuwa kashi 1 cikin ɗari. Inda babu shi ana sa kobalt kuloraid, maikuromola 100 zuwa 200, amma ka rubuta gaskiya a rahotonka: kobalt yana hana rusa HIF-1α ne kawai, oksijin na nan a faranti, kuma shi kansa ƙarfe ne mai jawo nasa matsin.

Sinadarinka kuma ka gwada shi a ma'auni uku ko huɗu, ciki har da wanda ba ya kashe ƙwayoyi. Adadin da ya hallaka rabin faranti cikin awa shida zai tayar da kowace alama, ba zai koya maka komai ba.

Mataki na biyar: lokaci

Kuskuren da ya fi yawa a rubuce-rubucen ɗalibai shi ne ɗiban samfur sau ɗaya tak, bayan awa 24. Martanin ER yana tafiya ne daki-daki, kuma wasu alamomin sun zo sun wuce kafin lokacin.

A cikin awa ta farko PERK yana sa wa eIF2α fosfet, ƙera furotin ya ragu ƙwarai, ER ya samu sararawa. Cikin wannan tsaiko ne ake ƙara ƙera ATF4, yawanci ka fara ganinsa tsakanin awa biyu zuwa huɗu. IRE1 a nasa ɓangaren yana yanke harafi 26 daga saƙon RNA na XBP1. ATF6 yana tafiya sashen Golji a yanka shi, ya sauko daga kusan kilodalton 90 zuwa 50. Daga baya ATF4 ya kunna GADD34, wanda ke cire fosfet ɗin eIF2α, ƙera furotin ya dawo. Shi ya sa wanda ya duba a awa 24 zai iya ganin eIF2α kamar ba abin da ya faru. BiP, wanda ake kira GRP78, mai taimakon naɗi ne, yana taruwa a hankali daga awa takwas zuwa gaba, alamar ƙwaya tana sabawa da matsin. CHOP kuwa yana fitowa bayan ATF4, kuma idan ya daɗe a sama, ƙwaya ta fara karkata ga mutuwa.

Ka ɗebi samfur a sifili, awa 1, 4, 8, 16 da 24. Dabarar da ke sauƙaƙa aiki ita ce ka sa maganin a lokuta daban-daban, ka fara da na awa 24, ka ƙare da na awa 1, sannan ka girbe duka a lokaci guda. Ta haka dukkan ramuka sun yi tsawon lokaci ɗaya a faranti.

Mataki na shida: girbi

Ƙanƙara a gefe kafin ka buɗe inkubeta. Ka zubar da ruwa, ka wanke sau ɗaya da ruwan gishirin PBS mai sanyi, ka zuba ruwan fasa ƙwaya a cikin farantin kai tsaye, ka kankare. Kada ka yi amfani da tirifsin, sinadarin da ke ɓalle ƙwaya daga faranti, domin mintunan da ƙwaya ke yi tana ɓallewa sun isa su sauya alamomin fosfet. Ruwan fasawar ya ƙunshi masu hana rusa furotin da masu hana cire fosfet, a zuba su a ranar.

HIF-1α ya fi kowa rashin haƙuri. Da oksijin ya dawo, ana sa masa alama, furotin VHL ya kama shi, a rusa shi, rabinsa yana ɓacewa cikin kimanin minti biyar. Idan ka fito da faranti shida daga akwatin ƙarancin iska ka jera su a tebur kana bi ɗaya bayan ɗaya, na shidan babu abin da zai nuna. Ka fito da ɗaya, ka fasa nan take, sannan ka ɗauko na gaba.

Ƙwayoyin da suka ɓalle suna yawo a ruwa kada ka zubar da su idan mutuwa kake aunawa. Su ne gawarwakin. Ka tara su da injin juyi ka haɗa da na farantin.

Mataki na bakwai: karanta alamomi

A westan bulot, duk furotin mai fosfet sai an kwatanta shi da jimillarsa a samfur ɗin, ba da aktin kaɗai ba. A gwajin ƙarancin oksijin kuma ka guji GAPDH a matsayin ma'aunin daidaito, domin HIF-1 yana ƙara ƙera shi. Aktin ko tubulin sun fi.

Gwajin XBP1 shi ne mafi araha. Ka ciro RNA, ka mai da shi DNA, ka yi PCR da firaima biyu da ke gefe da gefen wurin yankan. Bambancin harafi 26 ƙarami ne, jel ɗin agaros na kashi 1 ba zai raba su ba. Ka haɗa na kashi 3, ka bar shi ya yi tafiya a hankali. Za ka ga layi biyu, na ƙasa shi ne yankakke. Wani lokaci layi na uku yana fitowa a sama, haɗakar yankakke da marar yanka ce, kada ya ruɗe ka.

Cin kai yana da tarkonsa. Alamarsa LC3-II, wanda ke fitowa a wajen kilodalton 14, ƙasa da LC3-I. Ƙaruwarsa na iya nufin ƙwaya ta ƙara haɗa jakunkunan shara, ko kuma laizozom, sashen ƙwaya mai narkar da shara, ya daina narkar da su. Idan ka ga bola ta taru a ƙofar gida, ko mutanen gidan ne suka ƙara zubarwa, ko mai kwashewa ne bai zo ba. Hanyar rabewa ita ce ka toshe laizozom da gangan a awanni biyu zuwa huɗu na ƙarshe, da bafilomaisin A1 nanomola 100, ko da kulorokwin, maganin zazzaɓin cizon sauron nan da muka sani, wanda ke rage tsamin laizozom. Idan sinadarinka tare da toshiyar ya ba da LC3-II fiye da toshiyar ita kaɗai, cin kai ya ƙaru da gaske. Idan daidai suke, sinadarinka toshe hanya kawai yake yi. Wannan siffar kulorokwin ce ta sa ake gwada ɗan'uwansa haidiroksikulorokwin tare da magungunan sankara, amma bai zama maganin sankara ba, kada wani ya ɗauki zancen ya kai wa marar lafiya.

Mataki na takwas: mutuwa ce ko dakatawa?

Gwajin MTT shi ne kusan kowa ke yi, saboda arha. Sai dai ba ya ƙirga matattu, ƙarfin aikin sinadaran ƙwaya yake aunawa. Ƙwayar da ta rage aiki don ta tsira za ta ba da launi kaɗan, a rubuta ta mutu, alhali lamɓo ta yi. Masu aiki da ruwan tsirrai suna da ƙarin matsala: sinadarai da dama na ganye da saiwa suna iya juya MTT zuwa shuɗi ko babu ƙwaya ko ɗaya a rami. Ka ware ramuka masu ruwan kiwo da ruwan tsiron kaɗai, ka cire abin da suka ba ka.

Ka ƙara da ƙirgen tirifan bulu, wanda ke shiga ƙwayar da bangonta ya fashe, da kuma yankewar furotin PARP daga kilodalton 116 zuwa 89, alamar ƙwaya tana mutuwa. Wanda ya fi su duka shi ne gwajin tsiro, da Puck da Marcus suka fito da shi a 1956. Bayan magani ka wanke, ka shuka 'yan ɗaruruwan ƙwayoyi a rami, ka jira kwana 10 zuwa 14, ka rina da kiristal bayolet, ka ƙirga duk tarin da ya kai ƙwaya 50. Ba ya buƙatar na'ura mai tsada, kuma yana amsa tambayar da ta dami likita, wato ko ƙwayar za ta sake yaɗuwa bayan an janye magani.

Mataki na tara: toshe hanyar ka ga abin da zai faru

Zuwa yanzu ka san matsi ya tashi, ka san ƙwayoyi sun mutu ko ba su mutu ba. Abin da ba ka sani ba shi ne alaƙar da ke tsakani. Ka sake gwajin da rukuni huɗu: marar komai, sinadarinka kaɗai, mai toshe hanyar kaɗai, sai su biyun tare. ISRIB, wanda ɗakin gwajin Walter ya bayyana a 2013, yana soke tasirin fosfet ɗin eIF2α. Akwai 4μ8C mai hana IRE1 yanka XBP1. Inda hali ya yi, a rage ATF4 ko CHOP da siRNA, guntun RNA mai hana ƙera furotin da aka zaɓa, domin masu toshewa na sinadari sukan taɓa abin da ba a aike su ba. Ka tabbatar a bulot cewa toshiyar ta yi aiki kafin ka fassara komai.

Idan toshe hanyar ya ƙara mutuwa, martanin garkuwa ne ga sankarar, kuma ka gano wurin da za a iya haɗa magani biyu. Idan ya rage mutuwa, sinadarinka ta wannan hanyar yake kisa. Misalin wannan a asibiti shi ne botezomib, wanda aka amince da shi a Amurka a 2003 don sankarar ɓargo ta mayeloma: ƙwayoyin wannan cuta suna ƙera antibodi ba ƙaƙƙautawa, ER ɗinsu a cike yake, da aka toshe musu injin rusa gurɓatattun furotin sai nauyin ya fi ƙarfinsu. Idan kuwa toshiyar ba ta sauya komai ba, matsin ER ɗan rakiya ne, kisan daga wani wuri yake zuwa, sai ka koma mataki na farko ka duba DNA ko maitokondiriya.

Kowanne daga cikin ukun ya fito, ka maimaita gwajin sau uku a ranaku daban-daban da ƙwayoyin da aka shuka daban, domin ramuka uku a faranti ɗaya gwaji ɗaya ne. Sannan ka gwada a nau'in ƙwaya na biyu, kuma in da hali a ƙwayar da ba ta sankara ba, kafin ka rubuta cewa sinadarin yana zaɓar sankara.